Abin da Ka Rubuta a Bayan Hotuna

Zuwa ga Malam, Baban Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai muna nan lafiya a Ƙofar Dumi, sai kewarka da ba ta raguwa.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu daga hannuna. Ka tafi ka bar ni ina dangwala yatsa a takarda, yau shekara shida ke nan. Bayan na fita takaba na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Na sha wuya, ido ya riga ya tsufa, amma ga shi. Safiya ta ce za ta sa wasiƙar nan a waya mutane su karanta. Na ce ta sa, kada dai ta gyara mini komai.

Dalilin wasiƙar shi ne autarka ta gama jami'a. An yaye su ranar Asabar da ta wuce. Kuma saura kaɗan in ɓata mata hoton ranar da hannuna.

Ka san abin da hoton nan yake nufi a gidan nan. Shekara nawa kana rataya kyamara ka tafi bikin yaye 'ya'yan mutane, ka dawo da ƙafa a kumbure. Kana shan kunu kana ce mini, “Wannan duk gwaji nake yi, Talatu. Na gaske sai ranar ta Safiya.” Har ƙusa ka kafa a bangon ɗaki, sama da rediyo, ka ce ta hotonta ce. Tana nan. Ko kalanda ban yarda an rataya mata ba.

Ga shi kuma wata mai kamawa za ta tafi hidimar ƙasa, can kudu, garin da ban iya faɗin sunansa ba. Ina son abin da zan riƙa kallo.

Ranar Asabar tun da hantsi muka isa, ni da yayanka Baffa Idi, da Goggo, da wasu dangi cikin keke uku. Ɗaliban ba su fito daga zauren taro ba sai dab da azahar, rana tana tsakiyar ka. Jama'a maƙil. Ni kuwa ka san halina. Ina tsoron mu rasa mai hoto, ina tsoron Goggo ta faɗi don zafi, ina tsoron hadarin da na hango a gabas. Na kamo wani mai hoto na ce maza ya ɗauki Safiya nan inda take tsaye. Bawan Allah ya ce mu ɗan matsa inuwa. Na ce babu lokaci. Laifinsa ke nan, ya bi maganata.

Baffa ya tsaya a gabanta, dangi suka kewaye ta, kowa ya zuba mata ido. Safiya kuwa ta yi abin da na koya mata tun tana rarrafe. Ta sunkuyar da kai gaban manya.

Nan take aka wanko hoton aka miƙo mana. Malam, babu fuska. Hular nan mai faɗi ta zamo kan hijabi ta sauko goshi, inuwarta ta rufe ido da hanci, haɓa kawai ake gani. Turken lantarki ya fito daidai tsakiyar kanta kamar a nan ya tsiro. A gefe ga rabin wani mutum yana shan ruwan leda. An yanke mata ƙafa daga idon sawu. Goggo ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, “Wannan ai kowace ce ma.”

Safiya ta yi dariya ta ce, “Inna, bar shi, ai takardar ce mai amfani.” Amma da muka dawo na ga ta tura shi ƙarƙashin tire, ta kife. Ni na san dariyar 'yata ta gaske, wannan ba ita ba ce. Rigar bikin yayen kuwa ta aro ce, Litinin da safe za a mayar.

Na yi sallar la'asar na kasa tashi daga kan darduma. Sai akwatinka ya faɗo mini a rai.

Ka tuna ƙaramin akwatin ƙarfen da kake tara hotunan da suka lalace? Sau nawa na ce ka ba ni in hura wuta da su, kana cewa, “Malamaina ne.” Ina ganin kana rubutu da biro a bayan kowanne, na ɗauka sunayen masu su ne. Ko da na iya karatu ban buɗe shi ba, zuciyata ba ta ba ni ba. Ranar na jawo shi daga ƙarƙashin gado, na sa tabarau, na zauna bakin ƙofa inda haske yake.

Ashe faɗa kake yi wa kanka.

Bayan hoton wani ango ka rubuta: “Rana tsaka. Ido ya zama rami. Kada in ƙara ɗauka tsakanin hantsi da la'asar, sai a inuwa.” Bayan na wata ɗaliba: “Na kalli mutum na manta bayansa. A fara duba baya.” Wani kuma: “Inuwa ta yi zurfi. Bakin inuwa ake tsayawa, fuska ta kalli fili.” Akwai wanda ka ce, “Ya tsaya kamar soja. A karkata kafaɗa, a ba hannu abin riƙewa.” Na ƙasansa: “Ba a yanke mutum a gaɓa. Ko duka, ko daga cinya.” Da wanda ya ba ni dariya cikin hawaye: “Gefe ɗaya duhu. Da na sa an riƙe farin ƙyalle. Rowar yadi biyu ta ja mini.”

Rubutunka yana gudu, Malam. Wani layin sai na bi shi da yatsa sau uku. Amma muryarka ce sak, har da gyaran murya.

Can ƙasa na tarar da kaina. Ni ce a tsakar gidanmu, shekarar da muka tare, cikin atamfar nan mai ganye. Kai a ƙasa, ɗankwali kawai ake gani da saman hanci. Na tuna ranar. Innarka da ƙannenka suna zaune a tabarma suna ta tsiya, kai kana cewa in ɗago, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na juya bayansa. Ka rubuta: “Ta ƙi ɗaga kai. Laifina ne, na tara mata mutane. In sake in mun kaɗaita.”

Ba ka sake ba. Haihuwa ta zo, hidima ta zo, ni ma kullum ka ɗauko kyamara sai in shige madafa. Na daɗe riƙe da hoton nan har aka kira magariba.

Washegari Lahadi na jira Maman Rifkatu ta taso daga coci. Ka san ta, telar da shagonta yake jikin naka, har yanzu tana nan da kekenta. Na nuna mata hoton Safiya, na ce so nake mu sake ɗauka. Ta riƙe baki ta ce, “Kai, Maman Safiya! Da Mai Hoto yana nan da ya kore ku duka da sanda.” Ta karɓi rigar ta goge ta tas, ta ɗebo fil, ta yanko farin yadi daga cikin kayan ɗinkinta. Ta ce ba ta sayar ba, aro ne, kada in fara maganar kuɗi.

Baffa ya aiko a tambaya ƙarfe nawa za a sake hoton, su zo. Ban taɓa mayar wa yayanka magana ba, ka sani. Na aika masa da gaisuwa, na ce wannan na mata ne, za mu kawo masa ya sa albarka.

A lungunmu babu sarari, ko'ina bango ne da wayoyi da babura. Muka ɗauki keke mu uku zuwa Tirwun, 'yar gonarka. An yi gine-gine sun kusa cinye wurin, amma mangwaron yana nan, masarar maƙwabta ta yi kore shar, ga dutse can nesa. Muka isa bayan la'asar, rana ta yi sanyi ta karkata.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na fara duba baya. Ta nan akwai ginin bulo da ba a gama ba, ta can tankin ruwa. Na yi ta zagaya bishiyar har na sami inda babu komai sai masara da dutse. Na tsayar da ita a bakin inuwa, rana ta bayan kafaɗarta, fuskarta tana kallon fili. Maman Rifkatu ta tura hular baya kaɗan ta kafe ta da fil a jikin hijabi, ta gyara tuntun ya sauka gefe. Sannan ta ware farin yadin ta riƙe shi ta ƙasa inda rana take dukansa. Malam, da idona na ga haske ya taso ya kwanta a kumatun yarinyar nan. Na ce ashe ba ƙarya kake yi ba.

Wayar Safiya ce a hannuna. Ta goge idon kyamarar da bakin hijabinta, ta nuna mini in taɓa fuskarta a gilashi kafin in danna. Na ce ta karkata kafaɗa, ta riƙe takardarta a gefe kada ta tare ƙirji. Na ja baya har ƙafarta ta shigo duka, na bar 'yar ƙasa a ƙarƙashin takalmi. Na tuna yadda kake manne gwiwar hannu a haƙarƙari ka riƙe numfashi, na yi haka.

Na ɗauki na farko, dutsen ya karkace kamar zai zube. Na biyu, yatsana ya shiga. Na uku komai ya daidaita, sai abu ɗaya. Kanta yana ƙasa. Babu Baffa, babu kowa, ni kaɗai ce a gabanta, amma ni ɗin ma babba ce.

Hadari ya fara haɗowa, hasken yana shirin tafiya. Shekara ashirin da uku ina ce wa yarinyar nan ta sauke ido, ta rage murya, kada ta tsare babba da kallo. Ban yi nadama ba, tarbiyya ce. Amma bakina ya yi nauyi kafin maganar ta fito. Na ce, “Safiya, ɗago kanki ki dube ni. Yau ranarki ce, Babanki ne ya ce.”

Ta ɗago a hankali, ido ya ciko. Maman Rifkatu ta ce, “To ku yi sauri, hannuna zai tsinke, ni ba turken shanya ba ne!” Safiya ta tuntsire da dariya. Na jira, kamar yadda kake jira, har dariyar ta sauka ta bar saura a fuska. Sannan na danna.

Idonka ne, Malam. Duk shekarun nan ban san har haka ta ɗauko ka ba, don ban cika ganin idon a buɗe ba.

Ina shirin naɗe yadi Safiya ta karɓe wayar, ta kama kafaɗata ta tsayar da ni inda ta tashi. Ashe ta ga hoton nan nawa da na bari kan gado, ta karanta bayansa. Ta ce, “Inna, ai mun kaɗaita. Ɗago.” Na ce Maman Rifkatu fa? Ita kuwa ta ɗaga yadin ta rufe fuskarta ta ce ba ta nan. Na ɗago. Yayyafi ya sauko muna cikin keke.

Litinin ta mayar da riga kan lokaci. An wanko hotunan, an sa nata a firam, na kai wa Baffa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wa ya ɗauka?” Na ce ƙaninka ne, ni riƙe masa kawai na yi. Ya share ido da hannun riga ya sa albarka.

Hoton yana kan ƙusarka yanzu. Nawa kuwa na sa shi a akwatinka, kan wancan na da. Kafin in rufe na ɗauki biro na rubuta a bayansa, da irin rubutuna mai karkata: “An sake. Ta ɗago.”

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka haskaka fuskokin bayinSa. Ya tsare mana Safiya inda za ta, Ya dawo da ita lafiya. Ya sada mu a inda babu rabuwa, in dube ka ido da ido ba tare da na sunkuya ba. Amin.

Taka har kullum,
Talatu, Maman Safiya
Ƙofar Dumi, Bauchi