Ƙwaryar Goggo Hajjo Ta Dawo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Rukayya. Yau Litinin, ƙarfe goma na safe ta ɗan gota. Ina zaune a ɗakinki, a nan Doguwa, kan tabarmar da kike salla. Na kammala jami'a, sakamako ya fito, na ci, yanzu ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Zumuncinki da Goggo Hajjo ya kusa yankewa a hannunmu, mu 'ya'yanku, kuma ina so ki ji yadda aka yi. Na san wasu za su karanta wannan wasiƙa, don haka zan bambanta abin da na gani da idona da abin da aka faɗa mini.

Kin fi kowa sanin Goggo Hajjo, ƙawarki ta rugar bayan dutse. Duk ranar kasuwa takan biyo ta gidan nan da nono a wata ƙwarya mai tsaga a gefe, wadda ta ɗinke da baƙin zare. Ke kuma ki juye, ki wanke, ki cika ta da gero ko daddawa. Kina yawan ce mini, “Rukayya, ƙwaryar Hajjo ba ta komawa wayam.” Lokacin da Allah Ya karɓe ki ƙwaryar tana gidan nan, su kuma sun yi kudu da shanu. Da suka dawo ta zo ta'aziyya, ta ga ƙwaryar a rataye, ta tafi ta bar ta. Mu ma babu wanda ya tuna ya cika mata. Ni na tafi da ita makaranta, ina zuba garin kunu a ciki.

'Yarta Maryama ta shiga jami'a shekara ɗaya da ni. Ita tana karatun kiwon dabbobi, ni ina ilimin ƙasa. Ba ɗakinmu ɗaya ba, amma idan an yi hutu mota ɗaya muke hawa.

A makarantar akwai wani zama da muke kira zauren zaman lafiya. Ɗalibai ne da 'yan malamai, muna haɗuwa ranar Alhamis da yamma a gindin wata darbejiya. Muna sasanta rigimar ɗakunan kwana, lokacin zaɓen shugabannin ɗalibai kuma mu shiga tsakanin ɓangarori kafin a kai ga doke-doke. Mukan tara tufafi mu aika wa waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, har na wasu ƙasashen. Malam Garba ne yake kula da mu, mutum mai haƙuri. A nan na saba da Rifkatu, Kirista 'yar Tudun Wada, da kuma Adam, wanda yaƙin ƙasarsu ya koro shi, Hausarsa kuma har yau ba ta nuna ba.

Da kakar bara, muna zangon ƙarshe, shanu suka shiga gonar shinkafar ƙaninki Kawu Sale kafin a yanke. Wannan na tabbatar, don na ga gonar daga baya, fiye da rabi ta tafi. Abin da aka faɗa mini shi ne samarin unguwa sun bi sawu, suka haɗu da Bello, yayan Maryama, yana dawowa da garke, aka yi faɗa. An kai shi asibiti, bai tashi ba. Ban sani ba ko shanunsu ne suka yi ɓarnar. Ban san wanda ya kai masa dukan ba, ko da yake an ambaci ɗan Kawu a cikin waɗanda suka je.

Kafin a binne shi, labari ya riga ya isa makaranta ta waya. Aka yi ta yaɗa hotuna, wasunsu ma ba na ƙasarmu ba ne, don na duba duwatsun da ke cikinsu, ba namu ba ne. Ɗaliban yankinmu da a da suke cin abinci kwano ɗaya suka rabu biyu, 'ya'yan manoma gefe, 'ya'yan makiyaya gefe. Maryama ta je gida ta dawo. Dukkanmu muka tura mata saƙon ta'aziyya ta waya, har da ni. Ba ta amsa wa kowa ba. Ta daina shiga aji, sai abokiyar ɗakinta ta gaya mini ta fara haɗa kaya, alhali jarrabawar ƙarshe ta ƙarato.

Zauren ya yi abin da ya saba yi. Aka nemi babban ɗakin taro, aka sa lasifika, aka rubuta kalaman yafiya a ƙyalle, aka gayyaci kowa. Da kyakkyawar niyya aka yi, Inna, ina wurin aka shirya. Bayan jawabai sai aka kira ni a matsayin 'yar gidan Kawu, aka kira Maryama, wai mu gaisa a gaban mutane a ɗauki hoto. Ta taso a hankali. Ba ta karɓi abin maganar ba, amma kowa ya ji ta.

Ta ce, “Malam, ka gafarce ni. Wa zan yafe wa? Tun da na dawo daga zaman makoki, waya ce kaɗai take yi mini gaisuwa. Ko mutum ɗaya bai cire takalmi a ƙofar ɗakina ba.”

Ta fita. Ni kuma ina tsaye da hannuna a miƙe.

A hanyar komawa ɗaki ke kika faɗo mini a rai. Ina ƙarama lokacin da jaririn Goggo Hajjo ya rasu, kika tafi da ni ruga a ƙafa. Kika cire takalmi tun daga bakin shinge, kika ce “Hajjo, ya haƙuri,” kika zauna. Daga hantsi har azahar ba ki ƙara cewa komai ba. Da muka kamo hanya na tambaye ki don me muka sha wannan tafiya tunda ba hira za ki yi ba. Kika ce, “Ba magana na kai mata ba, ƙafata na kai.”

Washegari na sami Malam Garba. Ban taɓa gyara wa malami zance ba sai ranar. Na ce a garinmu ba a neman sulhu kafin a yi gaisuwar mutuwa, mu kuwa mun fara da na ƙarshe. Ya ce, “Wallahi a garinmu ma haka ne. Mun biye wa tsarin taro mun manta na gida. Ki fara zuwa, mu biyo baya.”

Na juye garin kunun, na wanke ƙwaryar, na sayo gero a kasuwar bakin makaranta na cika ta. Rifkatu ta ce za ta raka ni. Da ta ga abin da na ɗauko sai ta ce, “Ke Rukayya, gero a jami'a? Mutum za mu gaida ko kaza?” Na ce ta dai zo.

Muka cire takalma a ƙofa. Maryama tana zaune a kan katifa, jakunkunanta a ɗaure a gefe. Na ce, “Maryama, ya haƙuri. Allah Ya jiƙan Bello.” Na ajiye ƙwaryar a gabanta, muka zauna a ƙasa. Na zo da maganganu da yawa a bakina, cewa ban san komai ba, cewa jarrabawa ta matso, duk na haɗiye su. Ta daɗe tana kallon bango. Can sai ta jawo ƙwaryar, ta bi tsagar da yatsa, ta ce, “Wannan ɗinkin Dada ne.” Haka take kiran mahaifiyarta. Sai ta yi kuka, mu ma muka yi. Da aka kira azahar muka tashi muka tafi.

Maza ba sa shiga ɗakunan mata, don haka kashegari muka shimfiɗa tabarmi a inuwar bakin ƙofa. Babu lasifika, babu hoto, Malam ya hana. Maryama ta fito ta zauna. Mutane suka riƙa zuwa biyu-biyu, uku-uku, su cire takalmi, su gaisa, su zauna, su tashi. 'Ya'yan manoman garinmu sun zo, ban da mutum biyu. Adam ya zo ya yi addu'a da Larabcinsu, sannan ya ce mata da 'yar Hausarsa, “Ni ma ɗan'uwana ya tafi. Ban ga kabari ba.” Shi ne ya fi kowa daɗewa a tabarmar.

Bayan an ɗauke tabarmi, 'ya'yan makiyaya suka tako har ajinmu suka yi mini jajen gonar Kawu. Ban yi tsammani ba.

Maryama ba ta taɓa cewa ta yafe ba, kuma babu wanda ya sake tambayarta. Amma wata safiya na shiga ɗakin karatu na same ta a kujerar da ta saba zama. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “'Yar kaɗo, geron nan naki rabinsa tsakuwa ne. Inna ba ta taɓa aiko mana da irinsa ba.” Ta rubuta jarrabawa gaba ɗaya. Ta ci, na ga sunanta a allo da idona. Da za mu taho gida ta sa ƙwaryar a jakarta, mota ɗaya kuma muka hau.

Ɗazu da safe wani mai babur ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce saƙo ne daga ruga. Ƙwaryar ce, Inna, an rufe ta da faifai. Nono ne cike, da curin man shanu a tsakiya. Ga ta nan a gabana ina rubutu.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban sani ba ko Goggo Hajjo ce ta aiko da kanta, ko Maryama ce ta aiko da sunanta. Ban san yadda maganar Bello za ta ƙare a wurin hukuma ba. Ban sani ba ko Kawu zai bari shanunsu su sauka a gonarsa bayan girbi su ci kara su bar taki, kamar yadda ake yi tun kafin a haife ni. Da na gaya masa zan je ruga, cewa ya yi, “Ke dai kin ɗauko halin uwarki,” ya juya kai, ban gane ko hani ne ko izini ba. Ban kuma san da wace fuska Goggo za ta tarbe ni ba, ni da na fito daga gidan da ake zargi.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya jiƙan Bello, Ya ba Goggo Hajjo haƙuri, Ya mayar wa Kawu abin da ya rasa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Gobe in Allah Ya kai mu zan mayar da ƙwaryar, da ƙafata. Geron kuwa na tsince shi tas, babu tsakuwa ko ɗaya.

Taki har kullum,
Rukayya