Ɗana Ya Hana Ni Taɓa Taɓarya

Inna Gimbiya, don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa wanda zan kai wa kukana.

Ni dattijuwa ce daga wani ƙauye kusa da Illela. Da maigidana ya rasu, ɗana mai kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ɗauko ni zuwa gidansa a Konni. Ya gina mini ɗaki, ya sa fanka, nama ba ya yankewa. Allah ya shi masa. Amma ni da na tashi cikin daka da jan guga, yau ko buta ba a bari in ɗauka. Matarsa yarinyar kirki ce, ta kawo abinci, ta durƙusa, ta fita. Shi kullum yana hanya. Sai in wuni ina jin turmin maƙwabta ta bayan katanga, mata na daka suna dariya, ni ko sai ni da bango.

Na yi ƙiba har zanena ba ya zagaya ni. Ƙishirwa ta dame ni, ƙeyata ta yi nauyi, aka kai ni asibiti. Lokotoro ya ce sukari da hawan jini sun kama ni, hanyoyin jinina sun fara ƙagewa. Ya ba ni magani, ya ce in riƙa aikin da zai sa damtsena da cinyoyina su motsa. Na yi murna. Washegari na ɗauki taɓarya, sai ga ɗana ya shigo. Ya karɓe ta daga hannuna idonsa da ƙwalla, wai so nake a ce a tasha ya mai da uwarsa baiwa. Ya tuna mini yayata Tsahara da ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta ya shanye. Tun ranar ni ma tsoro ya shige ni. In zauna in ruɓe, ko in saɓa wa ɗan da ke ƙaunata?

Mai zaman ɗaki, Konni

Baiwar Allah, ɗanki ba mugu ba ne, tsoro da kunyar mutane ne suka haɗu masa. Tsoron nasa kuma da dalili: mai hawan jini in ya cicciɓi kaya mai nauyi yana riƙe numfashi, yana iya jawo wa kansa lahani.

Amma zaman nan ma ciwo ne. Tsoka in tana aiki tana cin sukarin da ke jini, hanyoyin jini kuma su ƙara laushi. Ki koma asibiti da ɗanki, a gwada jininki a gabansa, ya ji bayanin daga bakin lokotoro. Abin da ya ƙi ji daga uwa zai ji a can.

In an yarda miki, fara da kaɗan: surfe mai sauƙi da safe kafin rana ta yi zafi, rabin bokitin ruwa, tashi da zama daga kujera. Kada ki riƙe numfashi, ki huta tsakani. Kika ji jiri ko ƙirji ya ɗaure, ki ajiye nan take, a kai ki asibiti. Kada ki bar magani, ki rage maiƙo da gishiri.

Sannan kada ki yi dakan ke kaɗai. Yafa mayafi ki yi sallama gidan maƙwabtan nan, ko ki ce wa surukarki ta jawo turmi ƙofar ɗakinki. Ina zaton ita ma kunyarki ce ta hana ta zama.

Allah ya ba ki lafiya, ya haɗa ki da abokan hira na gari.

Inna Gimbiya