Gwaggo, Yis Ɗin Gidanmu Ya Mutu

Gonar Brattli,
kusa da Voss, Norway.

Zuwa ga Gwaggona Borghild,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Gordon da 'yarku Linnea da jikoki. Ya ƙafar? Linnea ta faɗa mini an yi aikin gwiwar, wai tun kina kwance a asibiti kika fara koya wa masu jinya yadda ake shimfiɗa zanin gado. Da na ji haka na ce to, Gwaggo ta warke. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa sanyin Kanada na bana ya zo muku da rangwame. Mu a nan ruwan sama ne kamar kullum. Maigidana Jostein yana fama da maƙerarsa, 'yarmu Solveig ta koma karatu Trondheim, tumaki sun sauko daga dutse, sai guda ɗaya da har yanzu muke nema.

Na san ba kya ɗaga waya idan kika ga lambar gidan nan, shi ya sa na ɗauki biro. Ba ƙorafi na zo yi ba. Abin da nake roƙo shi ne ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke shawarar abin da za ki yi da takardar, don labari biyu na kawo miki, kuma babu mai daɗi a ciki.

Na farko, ƙanenki ba shi da lafiya. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Likita ta ce da wuya Baba ya ga narkewar ƙanƙarar bana. Ina zaune a gefensa lokacin da ta faɗa, ni ce na kasa riƙe kaina. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi mata, wai zai iya ɗaga bokiti cike da ruwa daga nan zuwa Kirsimeti? Ta ce mai yiwuwa. Ya ce to shi ke nan, ya ɗauki hularsa. A mota ya gaya mini nufinsa. Yana son ya dafa giyar binne shi da hannunsa, kamar yadda Kaka ya yi tasa. Ya ce ba za a tsaya a kan gawarsa ana fasa gwangwanin kanti ba. A cikin makon ya jiƙa sha'ir, ta tsira, ya shanya ta a ɗakin hayaƙi. Tun da aka fara wannan jinya ban ga walwala a fuskarsa ba sai a kwanakin.

Na biyu ya shafi abin da ya raba ku, wato azuzuwan koyar da sana'o'in kakanni da muke yi a tsohon rumbu. Ban manta abin da kika ce ranar binne Inna ba, da kika leƙa kika ga ƙarti sanye da rigunan ulu da takubba a ƙugu suna kwaikwayon mayaƙan da can, wai ƙanenki Torleiv ya mai da ɗakin giyar ubanku dandalin 'yan kama. Ni ma wani lokaci sukan ba ni haushi. Mutum yana aikin banki Litinin zuwa Juma'a, Asabar ya zo ya ce a kira shi jarumin sarki, alhali ko wuta bai iya hurawa ba. Amma Gwaggo, suna koyo. Jostein yana koya musu ƙirar wuƙa da ƙusa, ni ina koyar da saƙa da rini da ɓawon albasa, wani tsohon malamin makaranta yana ba su tarihi, akwai mai koyar da sassaƙar cokali. Ajin Baba kuwa shi ne kullum a cike. Duk kwarin nan yaran gida sun bar dafa giya, waɗannan masu takubban ne kaɗai suke zama a gabansa su yi shiru su saurara.

Kin san gammon katakon nan na Kaka, wanda ake tsomawa cikin kumfar giya a rataye shi ya bushe, yis ɗin gidanmu mai tayar da giya ya kwanta a jikinsa har zuwa dahuwa ta gaba. A kansa kaɗai yis ɗin yake. Na yi faɗa da Baba ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na ce mu busar da kaɗan mu sa a firiza. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutane yana cewa kakanninmu ba su san firiza ba, sannan ya zagaya baya ya buɗe tasa. Kin san taurin kansa, ai gida ɗaya kuka fito.

A ajin ƙarshen watan Satumba Baba yana asibiti ana masa gwaji. Al'adarsu ce ranar Asabar da yamma su yi walima su naɗa ɗayansu sarki, to a wannan karon wanda ke zuwa da kambin ya manto shi a gida. Akwai wani Eilif, likitan haƙori ne daga Bergen, sabon shiga, mutumin kirki mai rawar kai. Ya shiga ɗakin giya neman abin da za a ɗora wa sarki, ya ga gammon a rataye a ƙusa, ya ɗauka kayan ado ne. Da ya duba ya ga abu ya bushe ya yi ɓawo a tsakanin katakan, sai halin sana'arsa ya motsa. Ya tafasa ruwa ya jefa shi ciki. Ya sa buroshi da sabulu ya bi kowane lungu. Sannan ya shafe shi da mai, daidai yadda aka koya musu yi wa cokali da safiyar ranar. Ina fitowa daga kicin da tukunyar miya sai na ga gammon Kaka a kan wani mai sayar da inshora, yana sheƙi, ana ta buga tebur ana yi masa kirari.

Eilif ya taho wurina yana murmushi, ya ce, "Gunnvor, kin ga yadda na fito da shi? Anya an taɓa wanke abin nan kuwa? Datti ya yi masa katutu." Na ajiye tukunyar don kada in juye masa ita. Na ce, "Dattin da ka kankare ya girmi kakan kakanka." Sauran abin da na faɗa ba zan rubuta miki ba, Jostein ne ya janye ni. Da Eilif ya gane abin da ya yi sai ya zauna a ƙasa da sulkensa da komai, ya rufe fuska yana kuka kamar yaro. Na so in ci gaba da jin haushinsa, amma ban iya ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa, kuma a idon wanda bai sani ba datti ne.

Babu abin da ban gwada ba. Na kankare ƙusar da bangon da ke bayanta, na karce ƙasan gangar da muke tsima giya a ciki, na zuba kowanne daban a ruwan sha'ir mai zaƙi, na lulluɓe da bargo na ajiye kusa da murhu. Ɗaya ya yi tsami, ɗaya ya yi fumfuna, sauran ko motsi. Na kira ɗalibai biyu da Baba ya taɓa ɗibar wa. Ɗaya ya haɗa nasa da na kanti wai don ya ƙara ƙarfi, ɗayar kuma ta ce sun yi ƙaura, ba ta san inda kwalbar ta shiga ba. Eilif ya rufe asibitinsa ya yi ta yawo gona gona da mota. Tsoho Magnvald na gonar sama, wanda muke musayar yis da shi a da, ya ce surukarsa ta share masa ɗaki bara ta zubar da komai, ya ƙara da cewa saura shi kansa ta zubar. Wasu gidaje biyu sun ba mu nasu da hannu bibbiyu, Allah ya saka musu. Amma ke kin san ba ɗaya ba ne. Namu yana tashi da ƙamshin ɓawon lemo, nasu ba ya yi.

Na mayar da gammon kan ƙusarsa na yi gum, ina fatan in samo mafita kafin Baba ya lura. Wauta ce. Tun daga bakin ƙofa ya hango sheƙin. Ya sauko da shi, ya shinshina, ya juya shi a hannu, ya ce, "An yi masa wanka." Ya mayar ya rataye. Da ya yi faɗa, da ya fasa wani abu, da hankalina ya fi kwanciya. Abin da ya yi shi ne ya sa na kira masa Eilif a waya, ya ce masa aikin ya yi tsaf, ko shi ba zai iya wanke shi haka ba, kuma kada ya kuskura ya fasa zuwa aji na gaba. Na kawo masa maganar yis ɗin maƙwabta, ya ce, "Giyar gidan wani a kan gawata? Sai ka ce ban da gida?" Daga ranar ya daina leƙa ɗakin hayaƙi, Jostein ne ke juya sha'ir. Abinci ma cokali biyu yake yi ya ture kwano. Yana zama bakin taga tun safe, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gwaggo, ina tsoro. Likita ta ba shi zuwa bazara, amma a yadda nake ganinsa ba zai kai Kirsimeti ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na san ranar da za ki bi Kawu Gordon, Kaka ya busar da yis ya cika miki kwalba, ya ce duk inda 'yarsa ta je gidansu ya bi ta. Linnea ta taɓa ba ni labari tana dariya, wai akwai wata kwalba a can ƙasan firizarki da babu mai ikon taɓawa, kuma a shekarun baya kikan ciro ta kusa da Kirsimeti ki dafa 'yar kaɗan a tukunyar miya, ki tura kowa waje, sannan su ji ki kina kururuwa a cikin tukunyar kamar yadda ake yi a nan idan an zuba yis. Ta ce maƙwabta sun taɓa ƙwanƙwasa ƙofa su ji ko lafiya. Idan kwalbar nan tana nan, to a duk duniya ita kaɗai ta rage.

Na faɗa wa Baba zan rubuto miki. Ya ce in na yi, ba shi ba ni. Ya ce, "Cewa za ta yi ai ta faɗa." To, kin faɗa ɗin, Gwaggo, kuma ga shi ya faru. Ba zan yi miki gardama ba. Ki zo ki faɗa masa a fuskarsa sau nawa kike so, ni zan ɗauko miki kujera. Shekarun da kuka yi ba kwa magana sun ishe ni haka, na gaji da zama tsakanin tsofaffi biyu masu kai kamar dutse, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Yanzu babu sauran lokacin jiran.

Jiya da safe na nemi Baba a bakin taga ban gan shi ba. Na fita a guje ko takalmi ban ɗaura ba, sai na hango shi yana saukowa daga gangaren bayan rumbu, yana tafiya yana hutawa, rungume da rassan itacen einer ɗin da ake tafasawa a yi ruwan giya. Na karɓe su ina masa faɗa. Na ce Baba, me za ka yi da waɗannan, ka san ɗanyu ake so, ba sa jira, kuma ba mu da yis. Bai kalle ni ba. Ya tsaya ya mai da numfashi, sannan ya ce, "Borghild ba ta taɓa zubar da komai ba a rayuwarta, ko da fushi ne." Ya wuce ciki ya ce in ɗumama masa miyar jiya, kuma ya shanye ta tas. Bai tambaye ni ko na rubuta ba.

Linnea za ta iya aiko da shi ta gidan waya, busasshen yis ba ya jin tafiya. Idan iyakar abin da zuciyarki za ta iya ke nan, zan karɓa da godiya, ba zan ƙara neman komai ba. Amma a gidanmu ba a taɓa aiken yis ba, hannu da hannu ake bayarwa. Jostein zai je filin jirgi ya ɗauko ki, na sauko da gadon ɗakin sama zuwa ƙasa saboda gwiwarki.

Jostein yana gaishe ki da kyau, Solveig ma ta ce a gaida kakarta ta Kanada. Tsoho Magnvald ya ce in tambaye ki ko har yanzu kina da bakin nan, na ce ya jira ya ji da kunnensa. Ki gaishe mini da Kawu Gordon, da Linnea da mijinta Dale, da 'yan biyunsu. Allah ya tsare ku, ya ba mu ikon haɗuwa da alheri.

Abu ɗaya na ƙarshe. Idan kin buɗe kwalbar kin ga kamar babu sauran rai a ciki, kada ki gaya mini, kada ki gaya wa kowa. Ki rufe ta ki sa a jaka ki taho. Mu zuba, mu yi kururuwar mu uku, mu ga abin da Allah zai yi. Rassan dai ya riga ya yanko, Gwaggo, ki yi sauri.

Taki 'yar ƙanenki,
Gunnvor.