Masarar da Ke Saman Murhu

Baham, farkon Agusta

Magne, matata,

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙirjin? Ina fatan tarin ya fara sakinki har kina samun barci. Ki gaida 'yarmu Solange da mijinta da yara, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da ke. Mu nan lafiya lau, in ban da ruwan sama da ya ƙi ɗagawa, da gidan da ya yi min girma.

Solange ta rubuto min abin da likitan Douala ya ce, na karanta har takardar ta yi laushi a hannuna. Wai hayaƙin girki ne ya cinye miki huhu, kuma in kika koma zama cikinsa ba ya jin za ki sake tashi. Ta ce gara ki zauna wurinsu ke nan. Magne, ban yi tuƙin tirela tun ina saurayi har furfura don in dawo gida in zauna daga ni sai kaji ba. Ke ma na san ki, ba za ki iya zaman bene a zafin Douala ba, babu gona, babu maƙwabciyar da za ki yi wa faɗa. Tunda hayaƙi ne matsalar, shi zai bar gidan, ke ki dawo.

Na je makarantar mishan na ga murhun da suke dafa wa ɗalibai abinci. Ginin laka ne, bakin wuta ɗaya, ramin tukunya biyu, sai bututun kwano da yake fitar da hayaƙi waje. Na zagaya shi, na leƙa cikinsa, na auna da taƙi. Suka ce in nemi magini. Na ce mutumin da ya sauke injin tirela a tsakiyar dajin Bertoua ya mayar, ba laka ce za ta gagare shi ba.

Na riga na fara. Duwatsun murhunki uku na ciro su na jingine a bayan ɗaki, ban jefar ba, kar ki tashi hankalinki. Abokina Wafo yana zuwa kullum, wai taimako, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Da ya ga bututun sai ya tuntsire da dariya, ya ce, “Direba, yanzu kicin ɗin ma salansa za ka sa masa? Saura taya.” Na ce, “Kai dai riƙe min tsani, tsohon banza, in na faɗo a kanka zan sauka.”

Matan ƙungiyarku sun girbe miki masara kafin in taɓa komai, sun hau da ita rumbun saman kicin kamar yadda kike yi. Jan irin nan na mahaifiyarki ma ƙawarki Kengne ta ɗaure shi daban a kusurwa. Ba abin da ya ɓata.

Ki sha magani, ki ci abinci ko ba ya miki daɗi.

Naki,
Tagne Bonaventure

Baham, tsakiyar Satumba

Magne, uwar tagwayena,

Bayan gaisuwa, yaya jikin? Direban da ya kawo saƙon Solange ya ce zazzaɓin ya dawo miki, har an sake kwantar da ke. Tun ranar abinci ba ya shiga min. Ina kama aiki sai in tsaya da cokalin gini a hannu, ina tambayar kaina ko wadda nake yi dominta za ta gan shi. Ki yafe min wannan magana, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Aiki ya ƙare. Murhun ya tsage min sau biyu don na yi gaggawar sa masa wuta tun bai bushe ba, sai a na uku na haɗa lakar da yashi na bar ta ta sha iska. Na fasa taga a bangon da ke kallon gonar ayabarmu. Da yake tubalin ƙasa ne kuma damina ce, na ɗauka bangon zai biyo ni. Sai da na tokare shi da katako ta sama kafin na cire tubali na farko. Kwano ya yanke ni a tafin hannu, amma ya warke, kar Solange ta ƙara wa miyar gishiri.

Bututun ya fi komai ba ni tsoro. Da farko ta rufi na so in fitar da shi, sai na tuna zai ratsa ta cikin masararki, kuma kwano in ya yi zafi ba ya tambayar na wane ne. Saboda haka ta bango na fitar da shi, na naɗe shi da laka mai kauri. Sannan na kankare kunkunniyar da ta taru a jikin gwangwalar rumbun, baƙa ƙirin, na buga silin a ƙarƙashi, na toshe duk wata kafa. Ba na son ko ƙurarta ta sauko miki a ƙirji.

Jiya na rufe ƙofa da taga, na hura wuta, na zauna a kan kujerarki in ga ko idona zai yi yaji. Ko kaɗan. Itacen turaren da kike ƙonewa a yini ɗaya yanzu sai ya kai ni kwana uku. Wafo ya leƙo ya shaƙi iska, ya ce, “Wannan ai asibiti ne, ba kicin ba. Wa zai ji yunwa a nan?” Amma har da shi aka cinye ayabar da na dafa.

Solange ta ce da kika farfaɗo, tambayarki ta farko ita ce ko ana hura wuta a kicin. Ana hurawa, Magne, safe da yamma, tun da murhun ya bushe ban taɓa fashi ba.

Ki yi ƙoƙari ki tashi. Ina jiranki.

Mijinki,
Tagne

Baham, ƙarshen Oktoba

Magne,

Ina gaishe ki. Na gode wa Allah da na ji an sallame ki, har kina saukowa daga bene da ƙafarki. Ina roƙon Solange ta karanta miki wannan takarda gaba ɗayanta. Ta faɗa min cewa a na baya ta tsallake zancen gini don kar ranki ya ɓaci kina kwance. Da ta karanta miki, da kin tsayar da ni tun ban buga ƙusa ta farko ba.

Shekaranjiya da safe ina dama kunu sai na ga wani farin gari yana zubowa daga haɗin silin, siriri, yana sauka a kan murfin tukunya. Na ɗauka gara ce a katako. Na kasa kunne, sai na ji ƙara a sama, ƙasa-ƙasa, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Na sa tsani na buɗe ƙofar rumbun. Warin fumfuna ne ya fara tarbata. Na ɗauko kan masara ɗaya, ba nauyi, na matsa sai ya marmashe a hannuna, ƙwari suka watse a kan yatsuna.

Na sauko na kira Kengne. Kin san ba ta shiga kicin ɗinki in ba kya nan, a bakin tsakar gida take ajiye min abinci ta juya. Da ta shiga ta ɗaga kai ta ga silin, sai ta riƙe haɓa. Ta ce, “Tagne, ina hayaƙin yake bi?” Na nuna mata bututun, har da ɗan alfaharina. Ta ce, “Wayyo, uban tagwaye! To masarar me za ta sha? Ka toshe mata hanci a tsakiyar damina, ka ce ƙwari su yi azumi?”

Magne, wallahi ban sani ba. Na san ana ajiye masara a saman kicin, haka na tashi na gani a ɗakin uwata, amma na ɗauka don wuri ne kawai. Ban taɓa sanin hayaƙin ne yake busar da ita yana korar ƙwari ba. Tun da muka yi aure ban taɓa hawa rumbun nan ba, naku ne na mata, ni kuma rabin rayuwata a kan hanya na yi ta. Kin ce a hura wuta, na hura, amma duk abin da kike nufi ya fice ta bango ya bi iska.

Mun sauko da ita duka ni da Kengne da Wafo. Ko zolaya ɗaya Wafo bai yi ba, shi ya ƙara kashe min jiki. Fiye da rabi ta tafi, sai dai a ba aladu. Jan irin mahaifiyarki ma sun shige shi. Mun tsince wanda ba su huda ba, bai cika ƙaramin kwando ba, kuma Kengne ta ce in bai sha hayaƙi daga yanzu zuwa shukar Maris ba, shi ma ba zai kai ba.

Abincin shekara ba ya ba ni tsoro, za mu saya, za mu ci rogo. Ke nake tsoro. Na san kina jin wannan za ki ɗaura ɗankwali ki nemi mota, ki zo ki ɓalle silin, ki hura wutarki yadda kika saba. Don girman Allah kar ki taso. Ki zage ni daga can, ki aiko da zagin a rubuce, zan karanta shi a tsaye.

Ni ne,
Tagne

Baham, Nuwamba

Magne, matata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana ƙara ƙarfi. Ruwa ya ɗauke a nan, hanya ta bushe, tagwaye sun aiko daga Yaoundé suna tambayarki.

Saƙonki ya iso, kuma Solange ba ta rage ko kalma ba. Kin ce irin nan shi kaɗai ya rage miki na mahaifiyarki, kakarki ce ta ba ta, kuma ba a hannunki zai ƙare ba. Kin ce in mayar miki da duwatsunki inda na same su kafin ki iso ranar kasuwa mai zuwa, in ba haka ba da kanki za ki mayar. Na karanta a tsaye kamar yadda na yi alkawari.

Ba zan mayar ba. Kin san ban saba ƙin maganarki a cikin gida ba, amma wannan karon na ƙi. Irin ba zai ƙare ba, ke ma ba za ki ƙare saboda shi ba.

Ga abin da na yi. Tsohuwar rumfar awaki da ke ƙasan gida, nesa da tagar ɗakinki, na kewaye ta da gwangwala na yaɓe da laka, na yi mata ɗan rumbu a sama. Can na kai duwatsun, can na rataye jan irin da sauran masarar da ta tsira. Kengne ta nuna min irin wutar da ake so, ba mai harshe ba, mai cin ɗanyen itace a hankali tana turnuƙewa. Dole a zauna kusa da ita, domin in ta tashi za ta kama rumbun, in an bar ta kuma ta mutu. Ni nake zama, safe da yamma. Na sa wa ƙofar kwaɗo, makullin yana wuyana, ko Kengne ba ta da nata.

Unguwa ta samu abin magana. Wafo yana tsayawa daga nesa yana ɗaga murya, yana kirana da laƙabinki, “Magne Bonaventure, an gama tuwon ne?” Matan da ke wucewa gona suna gaishe ni da “sannu da aiki, uwar gida”. Ina amsawa. Jiya na ɓare kai ɗaya na duba, ya bushe ƙayau, na gatsa ƙwayar ta yi ƙara a haƙorina, ba ƙwaro ko ɗaya.

Akwai abin da nake so in faɗa miki, ban san yadda zan sa shi a takarda ba. Ban yi wata guda ina wannan zama ba, amma idona ya yi ja, hawaye yana zuba ba kuka nake ba, da safe sai na yi ta kaki kafin numfashi ya daidaita. Ina iya fita in sha iska duk lokacin da na ga dama, ba yaro a bayana, ba mai jiran abinci. Ke a ciki kika yaye 'ya'ya biyar. In na dawo daga tafiya nakan zauna a inuwa ina ƙwala miki kira, ina mitar abinci ya daɗe, ki fito kina share ido da bakin zane. Ko sau ɗaya ban tambaye ki me ya sa idonki yake ja ba. Na ɗauka haka Allah ya yi shi.

Ki zo ranar kasuwar, zan jira ki a tasha. Ki yi fushinki a cikin kicin ɗinki, ki ƙi yi min magana har shuka in kin so. Masararki kuwa daga bakin ayaba za ki tsaya, in fito miki da ita ki gani.

Mijinki mai jiranki,
Tagne Bonaventure