Injin Babur ɗin Yaya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya idon? Ina gaida Inna. Na san ita za ta karanta maka wannan, saboda haka zan rage zage-zage. Mu nan lafiya lau, sai kewar Yaya, Allah ya jiƙansa.

Kawu, wani gyara ne ya sha kaina, kuma ba ni da wanda zan kai wa kuka sai kai da ka fara damƙa min sifana. Ka tuna jan babur ɗin Yaya? Tun rasuwarsa yake jingine a bayan ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon bargo. To matarsa ta ce a ba ƙaninmu Auta ya riƙa kai wa masu shaguna kaya, tunda ya ajiye iyali ga kuma rashin aiki. Na tura shi gareji, na juye tsohon mai, na wanke kafireta, na sa sabon fulogi. Bugu ɗaya ya tashi, kamar jiya aka kashe shi.

Na hau gwaji yadda ka koya min, ba na ba mutum babur ban fara hawa ba. Tafiya sumul. Sai da na kai kan gangaren nan da ke sauka mararraba, inda katangar ma'ajiyar siminti take tare wa mutum ido, sai ya mutu ɗif. Ba tari, ba shaƙewa, kamar an murɗa makulli. Na buga, na buga, shiru. Na ɗan tsaya ina share zufa, na sake bugawa, ya tashi. Na zagayo na sake biyowa, ya sake mutuwa a daidai wurin.

Ka san wurin, Kawu. Nan ne Yaya yake tsayawa kullum ya sa ƙafa ƙasa, ya leƙa dama da hagu ko da titi fayau yake. Har tsokanarsa muke, Auta yana ce masa tsohuwa mai tsallaka titi. Ban kawo komai a raina ba, amma abin ya tsaya min.

Tsorona Auta ne. Yaron nan ba ya hawa sai da gudu, kuma manyan motoci na bin gangaren. Idan babur ya mace masa da kaya a baya, wata ta taho ta murƙushe shi, me zan ce wa matarsa? Don Allah ka faɗa min inda zan duba.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Baƙin Mai.

Zuwa ga Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na gode, har da faɗan da Inna ta ƙara daga wajenta cewa rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Duk abin da ka ce na bi. Na buɗe murfin tanki ko iska ce ba ta shiga, lafiya lau. Na wanke tankin, babu tsatsa babu ruwa. Na canza kwayil, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta goge tana taɓa ƙarfe. Ka ce ko mai ne yake karkata idan hancin babur ɗin ya sunkuya, to na kai shi wani gangaren da ya fi wannan tsayi, ya sauka yana waƙa. Wurin nan kawai yake mutuwa. Mai walda na kusa da ni ya ce hannuna ne ya fara tsufa, na ba shi ya hau. Ya dawo yana turo shi, ya jingine min, ya koma kan aikinsa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma Inna, don Allah kada ki yi min dariya. Duk lokacin da ya mutu, sai in ji warin man zafi yana tasowa daga injin. Irin wanda Yaya yake shafa wa bayansa. Rana tsaka, Kawu, ga motoci na wucewa, ga mai sayar da rake yana kallona, amma tsigar jikina ta tashi. Na wanke injin da fetur tas, na shinshina har kaina ya yi ciwo, babu komai. Da na koma wurin, warin ya dawo.

Na san wanda ya tafi ya tafi, ba na jayayya da wannan. Amma zuciya ba ta da kirki. Sai nake ta tunanin ko Yaya ne bai yarda a hau masa babur ba. Da ransa bai taɓa ba Auta makulli ba, cewa yake sai ranar da ya koyi taka birki.

Shi kuwa Auta ya ƙwace babur ɗin da ƙarfin tsiya, wai aiki ba ya jiran bakanike. Kullum sai ya mace masa a wurin, ya zo min gareji yana kumfar baki, wai ina jin kunya a ce wansa ne mai gyara. Shekaranjiya wata motar haya ta kusa dukansa ta baya. Wallahi tun ranar abinci ba ya min daɗi. Na yanke shawara zan sauke injin gaba ɗaya.

A gaida mutanen gida.
Ɗanka, Baƙin Mai.

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Yau da farin ciki na ɗauki biro.

Na yi maganin ɗan banza! Na samo inji na gwanjo mai lafiya, na ɗora wa babur ɗin, na sake masa wayoyi kaf. Na hau, na nufi gangaren. Ya wuce fiu, ko gezau. Sai da na yi ta zagaye har mai rake ya ɗaga min hannu. Auta ya rungume ni yana cewa ashe dai na iya, har ya kawo min tsire... a'a, ƙarya zan yi, alkawarinsa ya yi, ka san halinsa. Yanzu yana ta aiki, matarsa har ta fara yin ƙiba.

Shi kuma tsohon injin na warware shi a kan tebur, ƙusa bayan ƙusa. Kawu, ban ga aibu ko ɗaya ba. Fistin kamar sabo, ringi lafiya, ko'ina tsaf, ka san yadda Yaya yake lallaɓa abinsa. Kai ka san mu, wane bakanike ne zai jefar da lafiyayyen inji? Nawa babur ɗin dama ya daɗe yana shan baƙin mai yana hayaƙi kamar murhu. Sai na haɗa na Yaya na ɗora a kan nawa.

Ka riga ka san abin da zan faɗa. Nawa ne yanzu yake mutuwa a kan gangaren. Wani tanki, wasu wayoyi, wani makulli, amma daidai wurin, har da warin man zafin. Na yi dariya da farko, daga baya dariyar ta ɗauke. Amma na ce gara ni. Ni na san da zuwansa, ina rage gudu in raɓe gefe, in sa ƙafa ƙasa har ya ga dama. Jiya na kama kaina ina leƙa dama da hagu, sak Yaya.

Auta dai ya tsira, shi ne abin da nake nema. Ka taya ni murna.

Naka har kullum,
Baƙin Mai.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Inna, ki zaunar da shi kafin ki ci gaba, ke ma ki zauna.

Na san an kira ku an faɗa muku Auta ya rasu. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne a gabana aka yi.

Amsarka ta same ni, inda ka ce in mayar da injin inda na ciro shi, abin da ban gane kansa ba kada in raba shi da mazauninsa. Na ji haushi, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Na ce tsufa ne. Duk da haka na yi wa Auta maganar, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba mai sake taɓa masa babur. Na bar maganar, don ni ma ban so ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ya zo in ɗaure masa sarƙar babur. Na ɗaure, na ɗiga mata mai. Zan je sayen kayan gyara, shi ma hanyarsa ke nan, sai muka fita tare, kafaɗa da kafaɗa, yana ta ba ni labarin takalmin da zai saya wa 'yarsa. Muna kaiwa kan gangaren nawa ya mutu. Warin ya bugo ni da ƙarfin da ban taɓa ji ba, har idona ya kawo ruwa. Auta ya waiwayo yana dariya, ya danna min ham, ya ce in gaida tsohuwa mai tsallaka titi. Ya gangara.

Tifar yashi ce ta fito daga bayan katangar, birkinta ya tsinke. Ban ji ƙararta ba sai da ta cika mararrabar. Da injina bai mutu ba, da mu biyu za ta kwashe. Da ban taɓa nasa ba, da yana tsaye inda na tsaya, yana zagina.

Ni ina ta tsoron abin da zai buge shi ta baya, ashe ba can Yaya yake kallo ba. Ban san me zan kira abin ba, kuma ba na son in yi saɓo. Na dai san wani abu ya yi ta riƙe yaron nan a wurin kullum, ni kuma na sa sifana na kwance shi da hannuna. Gyara mai kyau na yi, Kawu. Ko kai ka duba ba za ka sami kuskure ba.

Jiya na koma gareji don zaman gida ya ishe ni. Ba yadda zan yi, sai ta gangaren. Na rage gudu, na raɓe gefe, na sauke ƙafa ina jira ya mutu. Bai mutu ba. Yana ta kuka lafiya lau a ƙarƙashina, babu wari, babu komai. Na daɗe a tsaye ina roƙonsa ya mutu ko sau ɗaya, har mai rake ya taso ya kama min kan babur ɗin ya tsallakar da ni.

Ku yi wa Auta addu'a, ku yi wa Yaya. In da saura, ku sa da ni.

Ɗanku,
Baƙin Mai.