Saƙon Muryar da Ya Ƙi Goguwa

Zuwa ga ƙanwata, Maman Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da fatan ƙafar maigidan ta yi sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yarki Likita tana nan ƙalau, kullum tana kemis daga safe zuwa la'asar.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayar ce nake tsoro yanzu. Da ajami na rubuta, don na san ke kaɗai ke karanta shi a gidan.

Wata uku ke nan Likita ta sa ni a wani guruf, inda wata marubuciya ke sakin labari shafi-shafi. Ita ke karanta mini idan ta dawo, ina kan keke ina ɗinki. Labarin wata duniya ce da wai ba a taɓa haƙo fetur ba, har yau a jirgin ruwa mai filafilai ake tafiya, ga wata nas da matuƙin jirgi suna son juna. Da farko na ƙi, na ce Malam ya hana mu yawan "da a ce". Ta yi dariya, wai ai ba hadisi aka ce mini ba ne. Ba a yi mako ba sai ga ni ina tambaya ko an saki na yau.

Masu karatun nan bakinsu ba linzami. Wata ta ce matuƙin ya fi shayin jiya sanyi, wata ta ce idan aka kashe shi ita da marubuciyar sai a lahira. Likita ce kan gaba. Can Sarauniyar Sharhi suke ce mata.

Ranar Litinin aka zo inda nas ɗin ta ɗauki jaririyar da uwarta ta rasu, ta sa ta a nono, ita da ba ta taɓa haihuwa ba, har ruwan ya zo. Guruf ya kama da wuta. Wai ƙarya ce, an raina musu hankali, marubuciyar ta je ta tambayi kakarta kafin ta ƙara rubutu. Baiwar Allah ta ba su haƙuri, ta ce za ta canja. Wannan ne ya tsaya mini a rai, a ba da haƙuri a kan gaskiya.

Washegari da hantsi, Likita na wurin aiki, na yi saƙon murya, niyyata marubuciyar ita kaɗai. Na ce kada ta canja, na gani da idona a kan ƙanwata: kwana arba'in tana sa jaririyar da ba ita ta haifa ba a nono tana kuka, ranar da ruwan ya zo muka yi sujada. Har ɗan yatsan nan na shida da muka ɗaure da zare ya faɗi sai da na ambata. Ban kama suna ba. Amma ashe hoton da ke kan lambarta shi ne a kan guruf ɗin, bangon littafin. Guruf na tura wa, mutum ɗari huɗu da ɗoriya.

Sai da na ji ana ta "Allah sarki Hajiya" na gane. Maƙwabciyata ta goge mini, amma ta ce an riga an saurara, ta karanto mini sunayen. Da na Likita a ciki.

Na ci amanarki ta shekara ashirin da uku. Ki yafe mini.

Yayarki.

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Direban da na ba saƙo ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu. Ban ga amsa ba, kuma ban ga laifinki ba.

Yau kwana biyar. Tana gaishe ni, tana cin abinci, tana wanke kwanonta. Ba ta ƙara karanta mini ko layi ɗaya ba, a guruf ma ta yi tsit, har ana cigiyarta. Jiya na ɗago daga keke na gan ta a bakin ƙofa tana shafa gefen hannunta na hagu, daidai tabon da muka ce mata ƙuna ce. Allura ta shige mini yatsa, ban ji ba sai da na ga jini a rigar mutane.

Na ciyar da mutum goma kaffarar rantsuwar da na yi miki cewa ba zan faɗa wa kowa ba. Na san wannan tsakanina da Ubangijina ne, bai biya ki komai ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Marubuciyar ta gode mini a gaban kowa, kuma a shafin jiya jaririyar labarin ta fito da yatsa shida. Yanzu ta sa ƙuri'a: idan yarinyar ta girma, a faɗa mata ko a rufe? Mutanen da ba su san mu ba suna ta jefa ra'ayi a kan 'yarki, suna haɗawa da hotunan dariya.

Ina tsoron ta tambaye ni. Kin san ba zan iya yi mata ƙarya ba, kuma ba bakina ya kamata ta ji ba. Na fi tsoron kada ta ƙi tambayar kowa, ta tattara kayanta kawai.

Ki ce wani abu, ko zagi ne.

Yayarki.

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan. Da sauri nake rubutu, motar za ta tashi.

Ɗazu Likita ta dawo, ta ja kujera kusa da keke kamar da, ta buɗe waya. Ba labarin ta karanta ba, sharhinta ne, na farko a kwana takwas. Ta rubuta musu cewa a faɗa wa yarinyar, amma ba su ba, ba marubuciya ba, ba wata inna mai saurin danna waya ba. Matar da ta yi kwana arba'in tana kuka ita ke da wannan maganar. Ta karanta har ƙarshe ba ta dube ni ba. Da ta gama ta ce in guge mata rigarta shuɗiya, ta ɗauki hutun kwana biyu.

Jibi Juma'a za ta zo miki a motar safe. Ban san da wace fuska za ta shigo ba. Amma na leƙa jakarta: kaya kala biyu ne kawai, da man zafin nan na ƙafar babanta.

Zan biyo ta a mota ta gaba. Idan kin ce in tsaya a waje, zan tsaya.

Taki har kullum,
Yayarki.