Kalmar da Ke Bin Nadama

Unguwar Dosa, Kaduna
4 ga Mayu

Zuwa ga ɗiyata Nafisatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Granada, can ƙasar Sifaniya. Ƙanena, babanki, ya leƙo ni ranar Juma'a, ciwon ƙafarsa ya yi sauƙi.

Wata alfarma nake nema, kuma ina so ta tsaya tsakanina da ke. Wata bakwai ke nan da rasuwar ɗana, yayanki, a Zaragoza. Tun da 'yan ta'aziyya suka watse gidan nan ya yi mini girma. Ina tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya, ya kwana, in ɗumama, ya sake kwana. Littafin Sifaniyancin da kika bari a ɗakinsa shi na ɗauko, kullum da hantsi ina yin shafi biyu a gindin gwaibar tsakar gida. Shekara talatin ina gyara wa daraktoci Turanci a ma'aikata, yau ga ni ina kokawa da kalmomi masu harafi biyu.

So nake in rubuta wa matarsa, Lucía, da 'yarsu Yasmin da ban taɓa gani ba. Kin ce yarinyar ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Ba na so na'ura ta fassara mini, ba na kuma so ki rubuta a madadina. Ga hoton abin da na haɗa, layi biyar. Ki gyara, kada ki ji nauyina.

Goggonki,
Bara'atu

Granada
6 ga Mayu

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya gafarta wa Yaya Jamaluddeen. Wallahi da na ga rubutunki a yaren nan sai da na samu wuri na zauna.

Fi'ilanki duk daidai suke. Ƙananan kalmomin da ke bin su ne matsalar, kuma ba su da doka, haddace su ake yi tare da fi'ilin. Kin rubuta *pienso de ti*. Idan mutum yana ranki, *en* ake sawa: *pienso en ti*. Da *de*, sai ya zama kamar za ki faɗa wa Lucía hukuncin da kika yanke a kanta. Wurin da kika ce ba kya fushi da ita, kin sa *enfadada de ti*. Su *contigo* suke cewa, fushi da mutum, kamar mu. Na mafarkin kuwa kin ci, *sueño con mi hijo*, ina mafarki da ɗana. Turanci ne ke ruɗa mutane a nan, ke kuwa Hausa kika bi.

Saura layin ƙarshe. Kin rubuta *me arrepiento*, na yi nadama, kika sa aya. A nahawu ba laifi. Amma yawanci *de* ke biyo shi, sannan a faɗi abin da ake nadamarsa. Idan kika bar shi haka, za ta karanta ta tambayi kanta: nadamar me?

Ki gafarce ni in na wuce gona da iri. Ranar jana'iza na hau jirgin ƙasa na je, na sami Lucía. Ta tambaye ni ko an sanar da ke, na ce an sanar. Ta jira ko akwai saƙo. Sai na ce kina gaishe ta.

Ɗiyarki,
Nafisat

Unguwar Dosa
29 ga Mayu

Nafisatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Na ga kiranki sau huɗu, lafiyata lau. Na rubuta *de* ɗin tun ranar, sai na zauna ina kallonsa sati uku. An yi ruwa, ya jiƙa littafin a gindin gwaiba, na shanya shi a kan buhun shinkafa.

Babanki ma bai san wannan ba. Da yayanki ya nemi izinina a kan auren, na hana. Na ce addini, na ce al'ada, alhali Lucía ba ta hana shi salla ba. Gaskiyar ita ce shi kaɗai gare ni, mahaifinsa ya rasu, na san in ya yi iyali a can ya zauna ke nan. Ya yi auren. Bai fasa kirana kowace Juma'a ba, in amsa gaisuwa, in tambayi aiki. Da zarar ya ce ga Lucía za ta gaishe ni, sai in ce zan yi alwala.

Ranar suna ya kira ni ta bidiyo, jaririyar tana hannunsa. Ya ce, “Mama, sunanki na sa mata. Yasmin alkunya ce.” Na kifa wayar a kan faranti. Ina jin muryarsa daga ƙarƙashi yana kirana, har ya gaji ya kashe. Shekara takwas ke nan. Kullum cewa nake in ya zo gida za mu shirya, in karɓi takwarata a hannu. Ciwon zuciya bai ba shi ko kwana ɗaya ba.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. A takardar nan na rubuta shi, tunda ita da shi ta san shi. Ga abin da na sa bayan *de*: rashin ɗaukar waya, rashin kallon yarinya, da shiru ranar da ta binne shi babu ni. Layi biyar sun koma sha huɗu. Ki duba, ki tura mata.

Goggonki

Granada
12 ga Yuli

Goggo,

Ina gaishe ki, ya damina? Kamar yadda na faɗa miki, kalma biyu kawai na gyara, na tura mata hoton rubutunki yadda yake. Ta buɗe a ranar. Har yau ba ta ce komai ba, ni kuma ban matsa ba. Na ba ta lambarki.

Don Allah ki riƙa fita. Mama ta ce ko bikin gidan Malam Dauda a Hayin Banki ba ki je ba.

Ɗiyarki,
Nafisat

Unguwar Dosa
2 ga Agusta

Nafisatu,

Assalamu alaikum. Saƙo ya zo jiya bayan azahar. Lucía layi biyu ta yi: ta karanta, kuma tana buƙatar lokaci. Ban ga laifinta ba. Amma a ƙasa akwai hoton takarda da rubutun fensir, manyan haruffa a karkace: *Abuela, ¿te pareces a mi papá?* Ban nemi littafi ba, na gane. Kaka, kina kama da babana?

Yau na ɗaura atamfata mai ruwan ganye, na hau Keke Napep zuwa Kawo, aka ɗauke ni hoto. Mai hoton ya yi ta cewa in saki fuska. Na ce ya ɗauka a haka, goshin da idanun ake so a gani.

A bayan hoton na rubuta: *Él se parecía a mí.* Shi ne yake kama da ni. Ki duba mini *a* ɗin nan da wuri, yarinya tana jira.

Goggonki,
Bara'atu